Alƙalami da Kujera: Waiwaye Kan Rubutun Winston Churchill

Sau da yawa idan aka zauna taron ƙungiya, akan sami mai kawo sunan Winston Churchill a matsayin hujjar cewa mutum na iya haɗa siyasa da rubutu ba tare da ɗaya ya cuci ɗaya ba. Gaskiya ne ya riƙe muƙamin Firayim Ministan Birtaniya daga 1940 zuwa 1945, da kuma daga 1951 zuwa 1955, kuma a 1953 aka ba shi kyautar Nobel ta adabi. To amma mu ma'abota alƙalami bai kamata kyauta ta rufe mana ido ba. Littattafan za mu buɗe mu gani.

Mu fara da The River War, wanda ya fito a 1899 cikin juzu'i biyu, marubucin bai cika shekara 25 ba. Labarin yaƙin Sudan ne, inda shi kansa ya halarci gumurzun Umdurman a 1898, ranar da aka kashe mabiya Mahadi kimanin 10,000, alhali mamatan rundunar Kitchener ba su kai 50 ba. Ta fuskar salo dole mu sara masa. Yana siffanta filin daga har mai karatu ya ga tutoci da ƙura kamar yana wurin. Ya yaba jaruntakar abokan gaba, ya soki yadda aka ƙarasa masu rauni, ya kuma soki Kitchener kan rushe hubbaren Mahadi da wulaƙanta gawarsa. Duk da haka, a littafin akwai kalamai na ƙasƙanci ga Musulunci da Musulmi, irin na wanda ya yanke hukunci kafin ya fahimta.

A 1900 ya shiga majalisa. Da aka sake buga littafin a 1902, sai ya koma juzu'i ɗaya. Waɗancan kalaman kan Musulunci sun fita, haka ma mafi yawan sukar da ya yi wa Kitchener. Wani zai ce taƙaitawa ce kawai. Mu dai abin da muka lura shi ne, gaskiyar da saurayi ya faɗa ta yi wa ɗan majalisa nauyi.

Abin ya taɓo mu ma. A 1906, lokacin da sojojin Gwamna Lugga suka murƙushe Satiru kusa da Sakkwato, Churchill ne ƙaramin minista a ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka. Ya nuna ƙyamarsa ga irin wannan zubar da jini, amma a cikin takardun ofis, inda sai ma'aikata ke gani. A bainar jama'a kuwa, bakin da a 1940 ya ƙarfafa wa Ingila zuciya a gaban Hitler, shi ne a 1931 ya yi wa Gandhi ba'a kan suturarsa. Tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da ya wallafa cikin juzu'i shida, da taimakon ayarin masu bincike, da ƙyar ya waiwayi yunwar Bengal ta 1943, wadda ta ci miliyoyin rayuka yana kan mulki.

'Yan'uwa marubuta, mu koyi tsara zance da siffantawa daga wannan mutum, domin gwani ne. Amma mu riƙa karanta shi muna tambayar abin da ya tsallake, tunda mai riƙe da kujera shi ke ba da labarin kujerar. Mu kuma duba kanmu. A cikinmu akwai masu fatan muƙami, kuma ba laifi ba ne. Ranar da aka samu, littafin da aka rubuta lokacin ana tafiya a ƙasa zai zo a sake buga shi, kuma a nan za a san wane shafi za mu bari, wane za mu yage. Allah ya ba mu ikon barin gaskiya inda muka rubuta ta.