Lissafi da Faransanci, kwaɓi da Hausa

Duk shekara in sakamakon bak ya fito, za ka ji iyaye suna yi wa yaran da suka iya lissafi huɗuba ɗaya: ka je ka yi jeni sibil, wato karatun injiniyan gine-gine da hanyoyi. Suna da hujja. Yamai kaɗai gada uku ke gare ta a kan kogin Kwara, ta Kennedy tun 1970, ta biyu a 2011, ta Seyni Kountché a 2021, ga madatsar Kandaji da ake ta jira, ga hanyoyin da damina ke cinyewa. Wasu su nufi EMIG a Yamai, wasu IUT ta jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, masu hali su wuce 2iE a Wagadugu. Ba ni da ja a kan darajar karatun. Abin da ke damuna shi ne harshen da ake yin sa da shi, da kuma wanda ake mantawa da shi har a gama.

Ɗalibin jeni sibil yana shekara uku ko biyar yana lissafi da Faransanci. Yana haddace ƙa'idodin BAEL, waɗanda aka tsara a Faransa, yana zane a AutoCAD, yana kare aikinsa na ƙarshe gaban malamai da Faransanci. Ran da ya sauka shantiye kuwa, mutanen da za su mayar da zanen nan gini magina ne da lebura, kuma yawancinsu Hausa suke ji, a Yamai a haɗa da Zabarmanci. Lissafin na takarda ne, amma hannun da ke riƙe da shebur shi ne ke yanke yawan ruwan da zai shiga kwaɓi. Tsakanin takardar da hannun nan akwai fassara, kuma an bar ta ga sa'a.

Ku ɗauki kalmar ƙarfi. A aji an raba force da résistance da contrainte da rigidité, kowace da alamarta da ma'auninta. A bakin shantiye duka huɗun ƙarfi ne. Injiniya ya ce ginin ba shi da ƙarfi, magini ya ji cewa a ƙara siminti, alhali mai yiwuwa matsalar wurin da aka sa ƙarfe ce. Ga misalin da ya fi ba ni tsoro. Beto yana jure danni ƙwarai, amma ba ya jure ja, abin da yake ɗauka na ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da yake ɗauka na danni ba. Shi ya sa ake sa masa ƙarfe a gefen da ke jawuwa. A dal ɗin ɗaki, tsakiyarta daga ƙasa take jawuwa, sai ƙarfe ya zauna ƙasa. A barandar bene wadda ta fito waje ba ginshiƙi ƙarƙashinta, sama ce ke jawuwa, dole ƙarfe ya zauna sama. To magini ya saba ganin ƙarfe a ƙasa. In ba a gaya masa dalili ba, ko dai ya mayar da shi inda ya saba, ko lebura su tattake shi lokacin zuba beto ya nutse, ba wanda ya damu. Baranda ta yi kyau a ido, ran da aka cire katako ko ran biki da mutane suka cika ta, a ji labari.

Ku lura, duk bayanin nan da Hausa na yi shi, da kalmomi biyu da kowane yaro ya sani, danni da ja. Masu cewa Hausa ba ta iya ɗaukar kimiyya su sake karanta sakin layin. Wahalar dai ita ce, ɗalibin da bai taɓa faɗin abin da Hausa ba, ba zai samo kalmomin ba ran da motar tsakuwa ke jira, rana na dukan ƙeyarsa, ga tsoho sa'an babansa yana kallonsa. Sai ya fake da Faransanci, ko ya ce haka plan ya ce. Shi kuma tsohon ya ce to, ranka ya daɗe, ya juya ya yi yadda ya saba.

Maganar ruwa ma haka take. A aji ana koyar da cewa kilo 350 na siminti ake sa wa mita kub ɗaya na beton da ke da ƙarfe, buhu bakwai ke nan, kuma yawan ruwa a kwaɓi yana rage ƙarfinsa. Lebura kuwa ya fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin zuba. Sannan muna cewa siminti ya bushe, wanda kuskure ne da harshe ya koya mana. Siminti haɗuwa yake yi da ruwa ya taurare, shi ya sa ake ba shi ruwa kwana da kwanaki bayan an zuba, kuma sai a kwana 28 ake auna ƙarfinsa. A zafin Afrilu na Tawa, beton da ya bushe da wuri ya lalace ke nan. Magina suna da kalmar da ta fi daidai, sukan ce siminti ya kama. Abin dariya, Faransawa ma prise suke cewa, kamawa ke nan. Kalmar na nan a bakin magini, ɗan jami'a ne bai san ita ce fassarar abin da ke cikin littafinsa ba.

A matsayina na mai karatun harshe, aron kalmomi bai dame ni ba. Magina sun daɗe da mayar da poteau poto, dalle dal, chantier shantiye, kuma sun zauna daram. Waɗanda ke ɓacewa su ne ke ba ni takaici: azara, bakan gizo, ɗaurin guga, makuba, katsi, indararo. Kowace ɗaya dabara ce. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, a shafe bango don ruwa ya zame. Bakan gizo hanya ce ta rufe babban ɗaki da ƙasa da guntayen azara ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Elhaji Falke Barmu ya fara ginin masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, da ƙasa, kuma ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa matsattse, suka mayar da tsohon ɗakin karatu, aka gama a 2018. Amma ka tambayi abokanmu na jeni sibil awa nawa suka yi kan beto, awa nawa kan ƙasa, ka ga yadda za su yi murmushi.

Wannan ba kewar da ba ce. Mafi yawan ƴan Nijar a gidan ƙasa suke kwana, kuma gidajen nan ne ke faɗuwa duk damina. A farkon Satumba 2024 ruwa ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, gini na ƙarni na 19. Mai gidan ƙasa ba shi da kuɗin simintin Malbaza. Abin da yake bukata shi ne wanda zai duba harsashinsa, ya gaya masa inda ruwa ke cin gindin bango da yadda zai kore shi, cikin harshen da yake ji. Injiniyan da aka horar kan bene mai hawa huɗu kaɗai, da Faransanci, ba shi da abin ce masa.

Za a ce min ƙa'idodi da manhajoji da takardun kwangila duk da harshen Turai suke. Gaskiya ne, kuma ban ce a daina ba, wanda zai yi aiki da kamfanin waje dole ya iya. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin kimiyyar hasken rana ne, amma tun 1964 a littafinsa kan ilimi a Afirka ya kare koyarwa da harsunan gida. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Ayyanawa ba ta zuba beto.

Abin da nake nema ƙarami ne. Kafin ɗalibi ya tafi staj, a tsayar da shi gaban magini na gaske ya bayyana masa zanen ƙarfen baranda da Hausa ko Zabarmanci, a ba shi maki a kan ko maginin ya gane. Mu kuma na sashen harshe mu daina rubuta memuwar kan karin magana karo na ɗari, mu ɗauki littafi da waya mu bi shantiye da gidajen tsofaffin magina, mu tattara kalmomin, ƴan jeni sibil su duba mana ma'anarsu. Shafi talatin da aka yi wa fotokopi kamar wannan ɗan littafi sun isa farawa. Ni na fara jerawa daga harafin a, azara ce ta farko, kuma ina neman wanda ya san lissafin nauyin da take ɗauka.