Wofi da Makanta: Sharhi a kan Fassarar Sifofin "Empty" da "Blind" Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce yin sharhi a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ajin koyar da fassara da kuma ɗakunan labarai, wato ɗaukar sifar Ingilishi "empty" a matsayin wofi, da "blind" a matsayin makaho, a duk inda suka fito. Za a dubi asalin kalmomin, sannan a gwada su da yadda Hausa ta rarraba waɗannan ma'anoni. An gina misalan a kan Hausar yau da kullum, irin wadda za a ji a unguwannin cikin ganuwar Bauchi kamar Ƙofar Dumi, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin da Sarki Yakubu ya kafa a farkon ƙarni na 19.

2.0 Asalin Kalmomin Ingilishi

Kalmar "empty" ta samo asali ne daga tsohon Ingilishi, inda saiwarta take nufin hutu ko rashin aikin yi. Mutum ne ake fara sifantawa da ita: wanda ba shi da aiki, har ma da wanda ba shi da aure. Sannu a hankali ma'anar ta rinjaya zuwa ga mazubin da ba komai a cikinsa. Baƙin /p/ da ke tsakiyarta ba na asali ba ne, ya kutso ne tsakanin /m/ da /t/ domin sauƙin furuci. Kalmar "idle" kuwa ta bi hanyar ne a juye: da can tana nufin abin da ba komai a cikinsa, yau tana nufin mai zaman banza. Haka nan "vain" ta fito daga kalmar Latinanci mai nufin fanko, amma yanzu ta fi nuna aikin banza ko ji da kai.

Ita kuwa "blind", siffarta ɗaya ce a Ingilishi da Jamusanci, kuma masana tarihin kalmomi da dama suna danganta ta da saiwar da ke nufin gaurayewa ko gurɓacewa. Ingilishi yana amfani da ita ga abin da ba ya gani, da abin da ba a gani, da abin da ba shi da mafita. Ke nan kalmomin biyu kowace jaka ce da tarihi ya tara wa ma'anoni daban-daban.

3.0 Yadda Hausa ta Rarraba Wofi

Hausa ba ta da sifa guda da ta rufe dukkan filin "empty". Abin da ake magana a kansa shi ke zaɓen kalma:

(1) Ya ba yaro fankon ashana.
(2) Gyaɗar bana duk holoƙo ce.
(3) Gidan ya zama kango.
(4) Garin ya tashi, sai kufai.
(5) Kasuwa ta yi wayam.
(6) Ya dawo hannu rabbana.
(7) Tulun ba komai a ciki.

A (1) mazubi ne da aka ƙarar da abin cikinsa. A (2) abu ne da ya yi alkawari bai cika ba, shi ya sa ake yi wa mai cika baki kirari da holoƙo hadarin kaka. A (3) da (4) mutane ne suka ƙaura, kuma harshen ya bambanta gini da matsuguni. A (5) amsa-kama ce ta ɗauki nauyin, a (7) kuwa jimlar korewa ce. Wanda ya ce "gidan wofi" a madadin (3) ya sauka daga bayani ya koma zagi, domin wofi da banza sun fi karkata ga rashin daraja.

Akwai kuma batun nahawu. Banza da wofi sunaye ne da ke aikin sifa ta hanyar mahaɗi, kamar a maganar banza da banzan mutum. A karin harshen Bauchi, inda bambancin jinsi ya raunana, akan ji rigan banza a wurin da daidaitacciyar Hausa ke cewa rigar banza. Mai fassara da ya ɗauka dole sifa ta haifi sifa, ya tilasta wa Hausa tsarin da ba nata ba.

Abin lura shi ne Hausa da Ingilishi sun yi tarayya a kalma guda ta wannan fili. Sifiri ta fito daga kalmar Larabci mai nufin fanko, kuma daga wannan kalmar ce "zero" da "cipher" suka shiga harsunan Turai, musamman bayan littafin lissafin Fibonacci na 1202.

4.0 Makaho, Makauniya, Makafi

Siffofin nan uku suna nuna saiwa guda, wato makaf-. A jam'i /f/ ta tsaya yadda take. A namiji ta koma /h/ gabanin wasalin /o/. A mace kuwa ta faɗo a ƙarshen gaɓa sai ta koma /u/, kamar yadda sabka ta Sakkwatanci ta zama sauka a Kananci. Wannan shi ne sauyin da Klingenheben ya bayyana a 1927-28, wanda Newman ya sake nazarta a littafinsa na 2004. Saiwar ta yi kama da makfuf ta Larabci, wanda aka tsare wa gani, amma kamanci kaɗai bai isa hujjar aro ba sai an nuna hanyar da sautukan suka bi.

A wajen ma'ana, makaho sunan mutum ne mai matsayi a cikin al'umma kafin ya zama sifa. Masarautun ƙasar Hausa suna da Sarkin Makafi, kuma adabin Hausa yana alfahari da Aliyu Namangi na Zariya, mawallafin Imfiraji, wanda makafi suka taimaka ƙwarai wajen yaɗa waƙoƙinsa. Hausa ta kuma ware sunayen lalurori: dundumi ga mai kasa gani da dare, yana da hakiya ga abin da ya rufe ƙwayar ido. Saboda haka hanyar da ba ta ɓulle ba, wadda Ingilishi ke sifantawa da "blind", a Hausa lungu ne da ya toshe. Wurin da direba ba ya hange kuwa, cewa ake yi ba a ganinsa ta madubi.

5.0 Illar Fassarar Kai-tsaye

Gaskiya ne Hausa ta daɗe da sanin makantar zuci, kuma karin magana bai ƙyale makaho ba, kamar yadda ake cewa a garin makafi mai ido ɗaya ne sarki. Sai dai yawaitar furuci irin su makauniyar biyayya da makauniyar soyayya a jaridu da rediyo ya ƙara jingina wauta ga kalmar, alhali Hausa tana da bi ido rufe da bin yarima a sha kiɗa. Bayan an ɗora mata wannan kaya, sai kuma aka shiga jin nauyin faɗarta, aka koma ga mai larurar gani. Wannan furuci yana da ladabi, amma ya haɗa makaho da mai dundumi da mai sa tabarau a kwando ɗaya, wanda hakan asara ce ga likita da malamin makarantar makafi. Masu wannan suna su ne suka fi cancanta su faɗi wanda suke so a kira su da shi.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa faɗin "empty" da "blind" sakamakon tarihin Ingilishi ne, kuma Hausa ta yanka filin ta wata fuska dabam. Ƙamusoshin Bargery na 1934, da Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun adana ɗimbin kalmomin Hausa, amma ɗalibi yakan tsaya ne a kan ma'anar farko da idonsa ya faɗa. Ya kamata masu tsara littattafan makaranta su riƙa jera kowace kalma tare da irin sunan da take rakiya, malaman fassara kuma su riƙa tambayar ɗalibi: mene ne ya zama fanko, kuma wane ne ba ya gani? Ana kuma buƙatar nazarin da zai tattaro waɗannan kalmomi daga bakin dattawan unguwanni irin su Ƙofar Dumi, a gwada su da na Kano da Sakkwato, tun kafin wofi ta haɗiye sauran 'yan'uwanta.