Cin Zali Da Tarbiyya A Fim Ɗin The Karate Kid

Na fara kallon wannan fim ne a wani gidan bidiyo a Dutsin-Ma ina aji ɗaya na sakandare, lokacin da wanke wa siniyoyi kaya da ɗebo masu ruwa suka zame mini jiki. Kwanan baya na sake kallonsa a Kurfi inda nake koyarwa, sai na ga akwai abin da ya kamata mu marubuta mu tsinta a ciki, akwai kuma na zubarwa.

Fim ɗin ya fito a Amurka a 1984. Robert Mark Kamen ya rubuta labarin, John G. Avildsen ya ba da umarni. Labarin wani yaro ne, Daniel, wanda ya ƙaura da mahaifiyarsa zuwa jihar Kalifoniya, inda wasu samari 'yan kareti suka sa shi gaba da duka. Wani dattijo mutumin tsibirin Okinawa, Miyagi, shi ya cece shi, ya kuma yarda ya koya masa kare kai.

Ƙarfin labarin yana ga yadda aka gina wannan dattijo. Bai zaunar da yaron ya yi masa wa'azi ba. Sa shi ya yi goge motoci da fentin shinge, har yaron ya fusata, sannan ya nuna masa ashe hannunsa ya riga ya koyi tare naushi. Haka kuma marubucin bai mai da Miyagi waliyyi ba. Ya nuna mana shi a daren da yake kukan matarsa da jaririnsa, waɗanda suka rasu a sansanin Manzanar a 1944 yana fagen yaƙi. To, mai karatu, duba littattafanmu. Sau nawa dattijo ke shigowa ya zuba nasiha shafi uku ya fita, ba mu san abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya ba?

Sai dai inda na saɓa da fim ɗin shi ne ƙarshensa. Daniel bai sami mutunci ba sai da ya kayar da Johnny, jagoran masu cin zalinsa, a gasa. Ke nan maganin azzalumi shi ne ka fi shi iya duka? Babu wani malamin makarantarsu da ya tsawatar. Ni kuwa na san yaron da ke laɓewa bayan aji har a tashi tara don tsoron siniya. Ba shi da ƙwanji, ba shi da Miyagi, ba kuma gasar da zai ci. Fim ɗin bai ce masa komai ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, mu waiwayi gida. Muna da dambe da kokawa, muna da tarihin irin su Shago wanda Ɗan Anace ya waƙe. Ga tsofaffin 'yan dambe nan a garuruwanmu, sun san daɗin kaye, sun san zafinsa. A rubuta mana labarin ɗayansu da wani yaro abin tausayi, amma kada a rufe shi da naushi. A nuna mana abin da ya sa azzalumin ya zama azzalumi, a kuma tambayi manyan da suka gani suka kau da kai, har da mu malamai.

Allah Ya sa mu dace, amin.