Jinjina ga 'Yan Amshi

A Ɗan Barto, kamar sauran garuruwan ƙasar Matameye, in makaɗi ya sauka gidan biki shi ake kira da suna, shi ake yi wa liƙi. Mutanen da ke tsaye bayansa kuwa, kalangu a hammata, gumi na tsiyaya, ba mai tambayar sunansu. Alhali waƙar baka ba ta mutum ɗaya ba ce.

'Yan amshi ne ke riƙe gindin waƙa. Jagora ya jefa ɗan waƙa, su cafe, su maido masa da gindin daidai kan kiɗa, ya samu sararin numfasawa da shirya abin da zai faɗa. Wani lokaci ya yanke magana a tsakiya, su ƙarasa masa kamar sun shiga zuciyarsa. Wannan sai an shekara ana bin maigida ƙauye-ƙauye, ana kwana a zauren mutane.

Mamman Shata, da ya rasu a 1999, da Musa Ɗanƙwairo da Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, duk da irin waɗannan mutane suka yi suna. Allah ya saka wa 'yan amshi da alheri.