Yadda Ake Koyon Zambo a Hannun NoViolet Bulawayo

Littafin Glory, wanda marubuciya 'yar Zimbabuwe NoViolet Bulawayo ta fitar a 2022, ya buɗe ne da bikin ranar 'yancin kai. Dabbobi sun yi dafifi a dandali, rana tana dukansu, suna dakon shugaban ƙasa, wani tsohon doki da ya kusa shekara arba'in yana mulki. Uwargidansa jaka ce mai taƙama da digirin dakta, masu tsaronsa karnuka, sunan ƙasar kuma Jidada. Duk wanda ya san labarin Robert Mugabe, wanda sojoji suka tilasta wa sauka a watan Nuwamban 2017 bayan shekara 37, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Mai karatu don nishaɗi zai ƙyalƙyale da dariya ya wuce. Mai koyon rubutu kuwa a nan aikinsa yake farawa, kuma irin aikin yaron tela ne da aka ba shi tsohuwar riga aka ce ya warware ta zare-zare, don ya ga yadda aka yanka hannu, aka haɗa wuya. Ba littafi ashirin ake so ya kwankwaɗe ba. Marubuci ɗaya ake kamawa, a zauna da shi wata da watanni.

Matakin farko shi ne kwafi da hannu. A ɗauki shafi biyu ko uku na wancan taron, a rubuta su da biro kalma bayan kalma. Ido yana tsallake abubuwa, hannu ba ya tsallakewa. Sai mutum ya lura da tsawon jimlolin Bulawayo, yadda take jero abu bayan abu ba ta bari ka yi numfashi. Daga nan sai a sa alama a daidai wurin da dariya ta kuɓuce, a koma baya a nemo abin da ya jawo ta. Galibi abin da za a tarar shi ne mai ba da labarin bai tsaya zagin dokin ba. Kirari ake yi masa, ana kiransa uban ƙasa, ana ta zuba yabo har ya yi yawa ya koma zambo da kansa. Haka jerin ministocin da suka halarci taron: ana ambaton muƙamai irin na kowace gwamnati, sai ga ministan cin hanci da na wawure dukiya a cikin sahu, an faɗe su da murya ɗaya da sauran, ba ko gezau. Wannan daurewar fuska ita ce sirrin. Yawancin masu fara rubutun barkwanci su ne suke riga mai karatu dariya, shi ya sa nasu yake fita lami.

Sai batun murya. Wa yake magana? A Glory jama'ar gari ce, da bakin "mu", muryar masu tsayawa layi da masu gulma a intanet. Wannan zaɓi ya ba ta damar da mai ba da labari guda ba zai samu ba, domin talakawan da ake zalunta su ne kuma masu tafi da guɗa idan sabon shugaba ya hau, ko da kuwa mataimakin tsohon ne, wani dokin daban. Habaicin bai ƙyale kowa ba. Mai koyo sai ya gwada: ya rubuta shafi ɗaya a kan rabon taki ko zaɓen kansila da bakin unguwa baki ɗaya, sannan ya sake rubuta shi da bakin mutum ɗaya, ya ga wanne ya fi cizo.

Amma darasin da ya fi kowanne tsada yana can tsakiyar littafin, inda wasa ya ƙare. Wata akuya, Destiny, ta dawo gida bayan shekaru a ƙasar waje, uwarta Simiso ta zaunar da ita ta ba ta labarin abin da ya sami danginsu a 1983. Kisan Gukurahundi ke nan, wanda wata rundunar soja ta yi a yankin Matabeleland, inda ake ƙiyasin an hallaka mutum kusan 20,000. A wannan gaɓa Bulawayo ta janye ba'a gaba ɗaya. Har yanzu akuya ce take magana, amma ka manta da ƙaho da kofato. A ganina wannan ne ya raba ta da masu shaguɓen siyasa na yau da gobe: dariyar da ta sa ka yi tun farko ita ta sa ka saki jiki, sai maganar ta same ka ba shiri. Mai nazari ya kamata ya ƙirga shafukan da ta yi kafin ta kai nan, ya kuma duba yadda ta komo da barkwanci daga baya ba tare da ta wulaƙanta mamatan ba.

Akwai tarko, tabbas. Wanda ya daɗe da marubuci ɗaya yakan wayi gari yana magana da bakinsa, sai ka ga labarin doki da jaki an canza musu suna kawai. Ba dabbobin ake ɗauka ba, dabarar ake ɗauka. Bulawayo kanta da niyyar rubuta labarin gaskiya a kan faɗuwar Mugabe ta fara, daga baya ta karkata ga dabbobi, tana mai dogaro da tatsuniyoyin kakarta fiye da Animal Farm na George Orwell da ake yawan kwatanta littafinta da shi. Bahaushe ma yana da Gizo da Ƙoƙi da kura, yana da zambon makaɗa da habaicin kishiyoyi, kayan aikin ba su yi masa ƙaranci ba.

Sau biyu littattafanta suna kaiwa zagayen ƙarshe na gasar Booker, We Need New Names a 2013 da Glory a 2022. In kana son koyon wannan sana'a, nemi na biyun, ka tanadi biro da littafin rubutu, ka fara da babin farko.