Taswirar waya ta san kwalta, ba ta san ƙauyukanmu ba

Yau direba kan maƙala waya a gaban mota, wata murya tana ce masa ya yi dama ko hagu. Ina maraba da wannan, kuma abin bai daɗe ba. A 1996 ne MapQuest ya fara tsara wa mutane hanya a intanet, su buga a takarda su riƙe. A 2000 gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin saƙon GPS ga farar hula, sannan Google Maps ya fito a 2005.

Muddin kana kan kwalta, daga Kwanar Ɗangora ta Kiru zuwa Tudun Wada, ko za ka madatsar ruwa ta Tiga a Bebeji, wayar za ta kai ka. Da ka sauka kan burji kuwa, sai ta fara lalube. Za ta lissafa maka mintunan da suka rage zuwa Saminaka, amma ba ta san cewa direbobi sun fi son keta Dajin Falgore da sauran rana ba. Ba ta san rafin da ake tsallakawa da ƙafa a watan Maris, ya koma sai an jira ruwa ya janye a watan Agusta ba. Ɗan acaɓan da ke jiran fasinja a bakin kwana ya san duk wannan, har ma ya ce maka, "Alhaji, kar ka bi ta nan yau, gadar ta zube."

Abin da ke damuna shi ne an taɓa yin aikin saka ƙauyukanmu a taswira, a nan Kano. Daga wajen 2012, masu rigakafin shan inna suka gane cewa taswirorin da ake zanawa da hannu suna tsallake rugage da ƙananan unguwanni. Sai aka ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam, aka bi gari-gari ana tambayar sunaye, aka kuma ba masu ɗiga maganin wayoyi masu nuna inda suka taka. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano na cikin waɗanda suka yi aikin. Yaran da a da ba a kaiwa gare su aka riƙa isa ƙofar gidajensu.

To me zai hana mu ɗora? OpenStreetMap, da aka kafa a 2004, kowa na iya ƙara masa hanya ko sunan gari. Matasanmu na Riruwai da Daɗin Kowa suna da wayoyi a hannu. Su zauna da dagatai da masu unguwanni, su saka asibitin ƙauye, da kasuwa da ranar cinta, da hanyar da mota ke iya bi da damina, kowanne da sunan da mutanen wurin ke kiransa. Motar da aka kira ta ɗauki mai naƙuda da tsakar dare tana buƙatar waɗannan sunaye.