Wa Ya Kashe? Sojan Igwa a Littattafan Sledge da Klay

Labaran yaƙi sun saba nuna mana soja ido da ido da abokin gaba. Sojan igwar morta ba haka aikinsa yake ba. Gajeriyar igwa ce mai cilla harsashi sama ya faɗo bayan tudu ko katanga, inda mai harbin ba ya gani. Wani ne ke hango wurin ya faɗa ta rediyo, wani ya yi lissafi, wani ya saita, wani kuma ya zura harsashi a bututu. To, a cikinsu wa ya kashe? Da wannan tambaya muka auna littattafai biyu na tsofaffin sojojin kundumbalar ruwa na Amurka.

Eugene Sledge ya riƙe morta mai milimita 60 a tsibirin Peleliu a 1944 da Okinawa a 1945. Littafinsa, With the Old Breed, ya fito a 1981, daga ƙananan bayanan da ya riƙa rubutawa yana ɓoyewa cikin Sabon Alkawarin da ke aljihunsa. Igwarsa a kafaɗa ake ɗaukarta, ba ta cin dogon zango, don haka duk inda ya yi harbi sai ya bi da ƙafa. Ya kwana cikin taɓo da wari da tsutsa, ya ga abokansa na cire haƙoran zinare daga gawarwakin Japanawa, har shi ma ya kusa yi, wani ma'aikacin jinya ya hana shi. Ƙarfin littafin shi ne bai wanke kansa ba.

Phil Klay kuwa ya yi aiki a lardin Anbar na Iraƙi, kuma tarin gajerun labaransa, Redeployment, ya ci babbar lambar yabon littafi ta ƙasar Amurka a 2014. Labarin ƙarshe, Ten Kliks South, a kan matasa masu babbar igwa ne a sansanin Falluja. Sun yi harbinsu na farko, an ce an kashe mutane, sai ga su a ɗakin cin abinci suna raba adadin matattu tsakaninsu kamar masu rabon riba. Mai ba da labarin ya je wurin masu kula da gawa ko zai ga abin da hannunsa ya yi, aka ce masa gawar Amurkawa kawai ake kawowa nan.

Sojan da aka ɗora wa morta a mota mai sulke, irin M113 ko Stryker, ya fi kusa da matasan Klay. Igwarsa mai milimita 120 tana kai kusan kilomita 7, kuma da ya harba dole ya bar wurin, domin na'urar rada tana bin sawun harsashi ta gano inda ya fito. Motar da ke ceton ransa ita ce ke raba shi da ganin ɓarnarsa.

A ganinmu Klay ya fi Sledge kama wannan damuwa, amma ya biya ta da tsada. Tunda ya tsaya a idon mai harbi, mutanen da wutar ta faɗa wa ba su da suna ko fuska, mu ma masu karatu sai muka tashi da lissafi kawai. Za a ce ai manufar ke nan, kuma da gaskiya a ciki. Sai dai tausayinmu duka ya ƙare a kan yaron da ya harba. Sledge, duk da ƙiyayyar Japanawa da bai ɓoye ba, ya tilasta mana kallon gawarsu. Marubucin da zai ɗauki sojan igwar mota yana da aiki biyu: ya zauna cikin motar, sannan ya sauka ya taka zuwa inda harsashin ya faɗa.